Ɗakin da Muka Zana da Toka a Adar

Tun da muka dawo daga Adar, duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa sai ta gyara zama ta ce in ba ta labari. Matan Islamiyyarmu sun tambaya, maƙwabta sun tambaya, har tsofaffin abokan aikina na firamare sun bugo waya suna cewa me ya kai Malama Binta ƙauyen Nijar a tsakiyar bazara. Na gaji da ba da shi gutsure-gutsure, shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya.

Ummi ce dalilin tafiyar, 'yata ta fari. Sunan surukata ta ci, don haka ban taɓa kiran ta da sunan yanka ba. Ta karanci zanen gine-gine, tana auren Isufu, Ba'adare mai sayar da kayan gini a nan Kano. 'Yan garinsu da ke zaune a nan suka haɗa kai za su gina wa mata masauki kusa da ƙaramin asibitin garin, inda mai ciki daga ƙauye mai nisa za ta zo ta zauna in watanta ya kama, kada naƙuda ta same ta a kan amalanke. Suka ce ga matar ɗan'uwansu, ita za ta zana.

Bara Ummi ta haihu, yaron bai zo da rai ba. Tun daga nan ba ta ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Kun san yadda muke da 'ya'yan fari. Na ce ta yi haƙuri, ta ce to, muka tsaya a nan. Ta koma aikinta, ta rame, ta rage magana. Da Isufu ya zo ya durƙusa ya ce shago ba zai bar shi ya tafi ba, ko zan raka ta, ban nemi shawarar kowa ba na ce zan je.

Ta Katsina muka bi, muka ratsa Jibiya. A bakin iyaka wani jandarma dogo ya sa aka buɗe jakar Ummi, ya ga kwamfutarta.

"Wagga odinata, mi kike yi da ita?"

Na fara karanto addu'a a zuci. Ummi ta kunna ta nuna masa wasu 'yan akwatuna a jere, ta ce ɗakuna ne. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Can ya ce yana da fili a Tawa, ya gina ɗaki biyu, amma maiɗakinsa ta ce in la'asar ta yi kamar tanda suke, ko akwai dabara? Ummi ta tambaye shi ina ƙofar take kallo. Ya ce yamma. Ta ce ya kafa rumfa mai faɗi a gaban, ya buɗe 'yar taga can sama a bangon baya. Ya gode, ya miƙo mana takardunmu da hannu biyu. Fasinjojin motarmu dai sun sha jira, ba wanda ya gode mana.

A Maraɗi muka sauya mota. Nan na fara cin burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri har sai da na jiƙa shi a shayi. Ummi ko ɓalla ba ta yi ba.

Illa, yayan Isufu, shi ya tare mu a tashar Madawa. Mutum ne mai sanyin magana, manomin albasa. Ya sauke mu a gidan wani abokinsa. Muna zaune a tabarma, matar gidan ta leƙo ta ce, "Hajiya, ku gyara, ga mushe nan shigowa." Na ɗage ƙafafuna, na ja mayafi na toshe hanci, ina duban ta ina za a shigo da shi da kuma dalili. Sai ga mai gidan da kansa, fes da shi cikin farar shadda, yana sallama. Ashe haka suke kiran malamin makarantar boko, makarantar kuma lakwal. Da na faɗa masa abin da mushe yake nufi a Kano, ya ce ai su ma sun san wancan mushen, sai dai albashi ne ya sa sunan bai dame su ba. Ranar na ji Ummi ta yi dariya, 'yar gajeruwa, amma na ji ta.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ta ɗauko caja za ta sa a bango, sai ta ga ramukan soket ɗinsu biyu ne zagayayyu, namu kuwa ƙafa uku ne masu faɗi. Duk aikinta yana cikin kwamfutar nan, wuta kuma ta kusa ƙarewa. Da safe Illa ya zagaya da mu kasuwa, daga masu tabarmin kaba zuwa masu kayan wuta, kowa ya juya cajar ya ce, "Ta Najeriya ce," kamar ba mu sani ba. A ƙarshe wani mai gyaran rediyo ya zaro wani ɗan kai daga gwangwani, ya busa ƙurarsa, ya haɗa, ya zauna daram.

Daga Madawa zuwa Buza motar haya ce, mu da buhunan albasa. Alkakin da na yo wa surukar Ummi tsaraba yana ƙarƙashin buhu ɗaya, ban sani ba sai da muka sauka, ya koma gari, yana kuma warin albasa. Daga Buza muka wuce Karofane, daga can kuma sai babur, kabu-kabu inji su. Rabona da hawa babur tun ina koyarwa. Ƙasar duk duwatsu ce, baƙaƙe da jajaye, hanyar tana hawa tana gangara, ni kuwa na riƙe rigar yaron mutane ina salati har muka shiga garin.

Inna Hajo, mahaifiyar su Isufu, tsohuwa ce 'yar firit mai ƙarfin murya. Ta gaishe ni gaisuwa mai tsawo, gajiya da gida da mutanen Kano da zafi, ta koma farko ta sake. Sannan ta kama hannuwan Ummi duka biyu.

"Ɗiyata, mun ji abin da ya samu. Allah shi sa mai ceto ne."

Ummi ta ce amin, idonta a ƙasa. Inna ta jawo ƙwarya ta buɗe faifai. Fura ce, hura a bakinsu. A wurinmu fura abin marmari ce bayan an ci abinci, a can kuwa ita ce abincin rana. Na sha na ajiye ludayi ina jiran tuwo, sai na ga an kwashe ƙwarya kowa ya yi hamdala. Tuwon sai bayan magariba, na gero, da miyar kuka. Garin alkakina kuwa Inna ta raba wa jikoki a tafin hannu, ta ce ba ta taɓa cin daddaɗan abu irinsa ba, ko da yake albasar ta ɗan yi yawa.

Garin kusan duk mata ne da tsofaffi, maza sun tafi ci-rani. Gidajensu dutse ne da laka. Abin da ya ba ni mamaki rumbunansu ne, manya-manya, an shafe su sumul, sun fi ɗakunan kwana samun kulawa.

Washegari Illa ya ce mu tafi likita. Na sa mayafin fita ina shirin gaida babban mutum, ashe asibitin ne kansa suke kira likita. Ɗaki uku ne da baranda. Mai karɓar haihuwa, sajfam inji su, wata Madam Rakiya ce mutuniyar Keita, mai fara'a, idonta duk gajiya. Ta nuna mana filin da aka ba da a gefen asibitin. Akwai wata tsohuwar tsamiya a kusurwarsa ta arewa. Illa ya ce kakanninsu suna da wata hulɗa da ita tun kafin Musulunci ya game garin, yanzu kowa salla yake, amma har yau ba mai sa mata gatari. Ummi ta ce ita ma ba za ta taɓa ta ba.

Ta auna filin, ta tambayi ta ina ruwan sama yake bugowa, ta ina iska take zuwa da damina, ta ina da rani. Wutar solar asibitin, pano a bakinsu, ta firjin magani ce kaɗai, don haka kullum sai an kai kwamfutar shagon mai cajin waya, ta zauna cikin wayoyin gari kamar kaza cikin 'yan tsaki.

Da yamma ni da Inna muka sa ta a tsakiya muka ce ta nuna mana abin da take yi. Ni a zatona zama za ta yi ta zana gida. Ta ce a'a, ba a kai nan ba tukuna, yanzu neman yadda ɗakunan za su zauna a filin ake yi. Ta faɗa wa kwamfutar girman filin, da inda tsamiyar take, da hanyar rana tun fitowa har faɗuwa, da yawan ɗakuna. Ta kuma faɗa mata abin da ake so, wato kada ɗaki ya yi zafi, iska ta ratsa, mai naƙuda kada ta yi doguwar tafiya zuwa ɗakin haihuwa, kuma kada rufin ya ci itace da yawa, don itace yana wuya a can. Sai na'urar ta shiga jera ɗakunan tana sauyawa, ta juya wannan, ta matsar da wancan, ta gwada, ta zubar da marasa kyau, ta ɗauki masu dama-dama ta gauraya su ta sake fitar da wasu. Muna kallo 'yan akwatunan suna ta motsi.

Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ai zaɓen iri ne. Ka ware zangarniya mai kyau, ka shibka, baɗi ka sake warewa."

Ummi ta ce haka ne, sai dai ita wannan tana yin damina da yawa kafin a sauke tukunya. Na tambaye ta to wanne ne ya fi duka. Ta ce babu. Wanda ya fi sanyi ya fi nisa da ɗakin haihuwa, wanda ya fi kusa ya fi cin itace. Na'urar takan tace ta bar 'yan kaɗan waɗanda ba wanda ya kayar da wani, sauran zaɓin na masu gida ne. Akwai ɗaya da na ga tana yawan komawa kansa, ɗakuna sun kewaye tsakar gida, ƙofa ɗaya, inuwar tsamiya tana faɗowa tsakiya. Ta ce shi take so.

Madam Rakiya ta tara matan garin da na ƙauyukan kusa ranar awo. Suka leƙa kwamfutar, ba wadda ta gane komai, wata ma ta ce kamar gidan dara. Sai Ummi ta sa aka kawo toka a kwano, ta zana wanda take so a filin da girmansa na gaske. Nan wuri ya ɗauki rai. Mata suka shiga ta inda aka bar ƙofa, suna ratsa ɗakuna, ba mai yarda ta taka layi. Wata ta ce madafa ta yi kusa da ɗakin kwana, hayaƙi zai dami masu ciki. Wata ta ce ina za a ɗaure jaki. Ummi tana ji tana shigarwa.

Akwai wata yarinya da ta tsaya daga wajen layin, ba ciki, ba goyo. Habsu sunanta, daga wani ƙauye bayan dutse. Da hayaniya ta lafa, ta yi magana ba tare da ta ɗago kai ba.

"Madam, in ɗan bai zo da rai ba, ta ina uwar za ta hita?"

Ta ci gaba a hankali, ta ce da kakar da ta wuce a nan ta haihu, ɗan bai zo da rai ba. Da aka sallame ta, ta barandar can ta bi, ranar kuma ranar rigakafi ce, mata cike kowace da nata a cinya. Suka ja ƙafafu suka ba ta hanya. Wata baƙuwa da ba ta sani ba ta ce mata barka, mi anka samu.

"Ba don kaina ba," ta ce. "Na ga ƙofar guda ce."

Madam Rakiya ta ce gaskiya ne, kuma masu jiran haihuwa in suka ga irin haka tsoro yakan kama su, wata ma ta tattara kayanta ta gudu gida. Na dubi Ummi. Ta rufe kwamfutar, ta rungume ta a ƙirji, ta ce a yi mata uzuri. Ta nufi bayan tsamiya. Na ɗaga ƙafa zan bi ta, Inna ta riƙe mini gefen zane.

"Bar ta tukuna, Hajiya. Ba ta ɓacewa."

Washegari da sassafe Ummi ta aika aka kira Habsu, suka zauna su biyu da Madam Rakiya, ni da Inna muna gefe muna tsinke zogale. Ummi tana tambaya, Habsu tana amsawa. Ɗaki ƙarami, da ƙofarsa daban. Kada mai tsakar gida ta hango shi. Kada kukan jarirai ya kai can. Amma Madam ta iya leƙawa ba tare da ta yi nisa da aikinta ba. Inna ta ajiye zogale ta sa baki.

"Kada ku jefa ta bayan gida kusa da makewayi kamar mai laihi. Kuma ku bar wurin da uwatta za ta kwanta."

Ummi ta shigar da duka. Da na'urar ta sake juyawa, kusan duk waɗanda ta tace a baya suka zube, har da wanda Ummi take so. Sababbin da suka fito ba su kai na farko sanyi ba, kuma itacen rufi ya ƙaru. Illa ya sosa ƙeya ya ce 'yan'uwa na Kano ɗakunan masu jira suka yi alkawari, wannan kuwa ɗaki ne da ake roƙon Allah kada a shige shi. Inna ta ce ita ta binne uku kafin ta same shi, ya je ya faɗa wa 'yan'uwan nasa haka. Da yamma na ji shi yana waya da Isufu.

Cikin sababbin akwai wanda ya kai ƙaramin ɗakin ƙarƙashin tsamiya, bayansa ga tsakar gida, ƙofarsa tana kallon hanyar gonaki. Tsakar gidan ta rasa rabin inuwarta. Ummi ta faɗa wa matan haka ba ɓoyo, suka ce a kafa musu rumfa, a bar wa ɗakin inuwar. Aka share tsohuwar toka, aka zuba sabuwa. Habsu ta shiga ta ƙofar ɗakin, ta tsaya a tsakiya, ta juya ta dubi inda hanyar ta miƙe. Ta ce ya yi.

Bayan la'asar mutane suka watse, muka rage ni da Ummi a filin. Tana ta auna ƙaramin ɗakin tana sakewa. Can ta ce, "Mama, na'urar ta ba ni faɗin gado ɗaya da tabarma ɗaya, amma ban yarda da shi ba. Zo ki kwanta mu gwada."

Na dubi hagu da dama, ba kowa sai awaki. Na shimfiɗa mayafina cikin layin toka na kwanta. Ta kwanta kusa da ni, kafaɗarta tana taɓa tawa. Rabon da mu kwanta haka tun tana goye. Muna kallon ganyen tsamiya, sai ta fara magana.

Ta ce a asibitin da ta haihu, babban ɗaki aka mayar da ita, cikin masu jego. Ta gefenta tagwaye ta samu. Duk wanda ya shigo barka sai ya leƙa gadonta ya ce ina naki. Ta ce ta ga fuskarsa kafin a naɗe shi, goshinsa irin na Babansu ne, mijina marigayi. Ta ce ba ta faɗa wa kowa ba, har Isufu.

Ni duk wannan ban sani ba. Lokacin ina gida ina karɓar masu jaje. Sai na juya na sa hannu na jawo kanta kan ƙirjina, na bar kunyar 'yar fari a wajen layin. Ta yi kuka mai yawa, ni ma na yi. Ba wanda ya zo. Daga baya na gane Inna ce ta zauna a bakin hanya da ƙwaryar zogalenta tana mayar da duk mai nufo filin.

Da ta natsu, ta share fuska da gefen mayafina, ta tashi zaune ta dubi layin.

"Ya yi kaɗan," ta ce. "Gwiwarki ta fita waje."

Ta ɗebo toka ta matsar da bangon.

Dawowa ba wani abin labari, sai dai Inna ta cika mana jaka da albasa da busasshen zogale, ta raka mu har inda babura suke tsayawa. A motar Maraɗi Ummi ta sayi dogon burodin nan, ta ɓalla ta ba ni rabi, ta cinye nata tas, ta yi barci a kafaɗata har Jibiya.

Masu tambaya ko an gama ginin, ba a ma fara ba. Yanzu Ummi take zanen na gaske, sai bayan damina in maza sun sauke amfanin gona za a haƙa tushe. Illa ya bugo ya ce ruwan farko ya wanke tokar, amma kafin ya sauko Habsu da wasu mata sun bi layin sun jera duwatsu. Ya ce a ƙaramin ɗakin suka fara.